Mamane, ɗan kaman da ya kafa ƙasa da fatar baki

Akwai wata ƙasa a Afirka wadda ba ta cikin taswirar da ake koya wa yara a lakkal, ba ta kuma da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma daga Dakar har Kinshasa an san sunanta, an san halin shugabanta. Sunanta Gondwana. Wanda ya kafa ta ɗan Nijar ne, Mohamed Mustapha, wanda aka fi sani da Mamane. Bai kafa ta da soja ba, bai kafa ta da ƙuri'a ba. Bakinsa kaɗai ya yi masa aikin.

An haife shi a Agadas cikin shekarar 1966. Mahaifinsa ma'aikacin jakadanci ne, saboda haka yaron ya tashi yana bin iyayensa daga wannan ƙasa zuwa waccan, ya zauna Kamaru, ya zauna Kodibuwa. Wannan yawo ya buɗe masa kunne, ya ji yadda kowace jama'a take lanƙwasa Faransanci ta mai da shi nata. A farkon shekarun 1990 ya tafi Faransa, birnin Mompeliye, domin ya zurfafa karatu kan ilmin rayuwar tsirrai, wato yadda itace da hatsi suke shan ruwa, suke numfashi, suke girma. Da al'amari ya tafi yadda aka tsara, watakila da yau yana tashar binciken noma ta Tarna, kusa da Maraɗi, yana awon zangarniyar gero. Amma takardunsa na zama suka ƙare, ya shiga sahun baƙin da ba su da izni, masu sauya hanya in sun hangi ɗan sanda. Daga cikin wannan ƙunci ne ya samo abin da zai ba mutane dariya da shi.

Sana'ar da ya shiga tana da sauƙin faɗi, tana da wuyar yi. Mutum ɗaya ne zai tsaya gaban jama'a, ba makaɗi, ba ƴan amshi, ba rawani ko kakin aro, ya yi ta magana har sa'a guda ko fiye. In an yi dariya ya ci, in an yi shiru ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Ɗaya daga cikin wasanninsa sunansa Mamane malmène les mots, ma'ana Mamane yana gana wa kalmomi azaba. A ciki yakan kama kalmar Faransanci, musamman irin ta ofis da ta ƴan siyasa, ya feɗe ta, ya nuna abin da aka ɓoye a cikinta. A 2006 ya fito a shirin Jamel Comedy Club na Jamel Debbouze, ya kuma yi aiki tare da Laurent Ruquier a gidan rediyon Europe 1. A 2009 gidan rediyon RFI ya ba shi ƴan mintoci da safe, a nan ne Gondwana ta samu tuta.

Sunan ba na banza ba ne, ɗalibin kimiyya ne ya zaɓe shi. Masana ƙasa suna kiran Gondwana wata tsohuwar babbar nahiya wadda Afirka da Amurka ta Kudu da Indiya da Ostareliya suke haɗe a cikinta, kafin ta fara tsagewa wajen shekaru miliyan 180 da suka wuce. Cikakken sunan da Mamane ya raɗa wa tasa ƙasar shi ne Jamhuriyar Gondwana mai dimokuraɗiyya ƙwarai ƙwarai. Duk wanda ya ji an ninka ƙwarai ya san akwai magana. Shugabanta, wanda ake yi wa laƙabi da Shugaba Mai Kafa Ƙasa, yana gyara tsarin mulki kamar yadda tela yake buɗe riga in mai ita ya yi ƙiba. Ana sanin sakamakon zaɓe kafin a buɗe akwati. In ya yi mura sai jirgi ya kai shi asibitin Turai. Ƴan adawarsa kuma, ba a bar su ba: da yawansu ba mulkin suke ƙi ba, nisan akushi ne ya dame su.

Dattawan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, in aka kwatanta musu wannan aiki, ba za su ga baƙon abu ba. Sun san ɗan kama, wanda yake shiga kasuwa ya zauna kamar babban malami, ya gyara murya, ya fara karatu da fassara, sai a ji duk babin a kan tuwo da fura da naman kai yake. Malamin gari yana wucewa, ya yi murmushi ya kau da kai. Sun san wasan kara, inda samari bayan girbi suke naɗa nasu sarki da nasu kumandan, su kwaikwayi tafiyarsu da tsawarsu a gaban kowa. Sun san tashe cikin watan azumi. A Tsibiri, gidan sarautar Gobir, Bazabarme yana iya faɗa wa Bagobiri maganar da in wani ne ya faɗe ta sai an kai gaban alƙali, amma a rabu da dariya, don wasan taubasai ne. Wannan wasa na barkwanci tsakanin dangi da ƙabilu shi ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Haka kuma waɗanda suka ga zamanin samariya suna tune da Yazi Dogo da ƙungiyarsa ta Damagaram, waɗanda suka sa ɗan kasuwa mai haɗama da ma'aikaci mai cin hanci a gaban akwatin talabijin, jama'a ta ga kanta ta yi dariya.

Abin da Mamane ya ɗauka daga wannan gado shi ne bambancin zambo da habaici. Mai zambo yana kama suna, shi ya sa yake ƙarewa a gidan kaso ko kuma a toshe masa baki da kyauta. Mai habaici ba ya kama sunan kowa. Yana jefa maganarsa tsakiyar taro, ya bar mai kaza a aljihu da jin as. Shugaban da ya yi fushi da labarin Gondwana ya shaida da kansa cewa da shi ake. Wanda ya yi shiru kuma, jama'arsa ta riga ta gane. Ɗan Togo yana jin ƙasarsa ake nufi, ɗan Kamaru yana rantsuwa tasu ce, ɗan Gabon yana mamakin wanda ya kai wa wannan mutum rahoto. Da Mamane ya bi hanyar zambo, da wasa ɗaya zai yi wa ƙasa ɗaya, a rufe masa ƙofa. Da habaici ya yi wa nahiya guda magana shekara da shekaru.

Ba a rasa masu suka ba, kuma sukarsu tana da nauyi. Suna cewa daga gidan rediyon gwamnatin Faransa yake yi wa shugabannin Afirka dariya, wanda kuwa yake cin tuwon gida ba ya zagin mai gida. Amsar da ta fi ƙarfi tana cikin fim ɗinsa Bienvenue au Gondwana, wanda ya fito a 2017, aka ɗauke shi a Kodibuwa tare da Michel Gohou da Digbeu Cravate. Labarin masu sa ido ne da aka aiko daga waje su shaidi zaɓe, shugaban tawagarsu kuwa, wani ɗan siyasar Faransa, babu abin da ya dame shi sai neman kasuwa ga wani kayan lambu da ake nomawa a mazaɓarsa. Wato bulalar ta sauka a bayan mai maguɗi da na mai sa masa hannu. Duk da haka zaman aro zaman aro ne. Da aka dakatar da RFI a Nijar cikin watan Agusta na 2023, muryar Gondwana ta ɗauke daga akwatunan rediyo na ƙasar da ta haifi mai ita.

Watakila ya hangi wannan rauni tun da wuri, domin ya mai da ƙarfinsa ga gina wa sana'ar gida a Afirka. A 2015 ya buɗe bikin Abidjan Capitale du Rire. A 2016 aka fara shirin Le Parlement du rire a tashar Canal+, wata majalisar dokoki ta Gondwana inda shi ne shugaba, Gohou da Digbeu Cravate da Charlotte Ntamack ƴar Kamaru suna mataimaka, matasa daga ƙasashe dabam dabam suna hawa mumbari ɗaya bayan ɗaya. Yaron da iyayensa suke kira ɗan iska saboda yana kwaikwayon mutane ya samu kwangila da albashi da fasfo. Mamane ya kuma bayyana niyyarsa ta gina makarantar koyon wasan barkwanci a Yamai. Tsohon karatunsa ma bai tafi a banza ba, an naɗa shi jakadan sa kai kan sauyin yanayi a yankin Sahel, batun da manoman Ɗan Saga a ƙasar Agye suka rigaye manyan taruka fahimta, tun da suka koma barin kututturen gawo da sabara su sake tofo a gonakinsu.

Saura magana ɗaya, ita ce ta harshe. Dariyar Mamane da Faransanci take, kuma rabinta a cikin kalmomin take zaune, in an juya ta zuwa Hausa sai gishirin ya zube. Manomin Gangara ko matar Caduwa da ta karɓi takardar shaidar yaƙi da jahilci, mai ba su dariya daga kudu ya zo musu: Samanja Mazan Fama ta rediyon Kaduna, sa'an nan Rabilu Musa Ɗan Ibro ta kaset da faifai, har rasuwarsa a watan Disamba na 2014. Su ne talakawan da labarin Gondwana yake kare wa haƙƙi, su ne kuma ba su ji shi ba. Matasan da suke ɗaukar gajeren wasa da wayar salula a Maraɗi suna da harshen, suna da ƴan kallo, amma yawancinsu a kan rikicin kishiyoyi da bashin mai shago suke tsayawa. Kantoman da ya sayar da filin makaranta da ɗan kwangilar da ya haƙa rijiya ba ruwa suna nan suna jiran nasu ɗan kama.