Abubuwan da ya kamata ka sani: dalilin da ya sa dubu ke leƙa shafinka, ashirin ke saye

Masu shagunan iri da taki da maganin feshi a Funtuwa da Malumfashi, da dillalan masara da waken suya na Ɗandume da Bakori, sun daɗe da gano cewa kasuwa ta shiga waya. Wani yana talla a Facebook, wani a TikTok, wani ma ya biya an gina masa shafin intanet na kansa. Kukan da ake yawan ji guda ne: an kashe kuɗin talla, jama'a sun gani, sun yaba, amma kaya na nan jibge a sito. Masu sana'ar tallan intanet sun ware fanni sukutum don wannan giɓin da ke tsakanin mai kallo da mai biya.

Me ake ƙirgawa?

Lissafin ba wuya. A ce mutum 1,000 sun buɗe shafinka cikin wata guda, 20 suka saya. Kason masu sayenka 2 cikin 100 ke nan. Kada hakan ya karya maka gwiwa, domin yawancin shagunan intanet na duniya tsakanin 2 da 3 suke yawo. Cibiyar Baymard, mai nazarin sayayya ta intanet, ta nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka zaɓi kaya har suka kai bakin biya kan fasa.

Mai son ninka cinikinsa yana da hanya biyu. Ko ya ninka kuɗin talla don mutum 2,000 su zo, ko ya gyara shafin ta yadda 40 za su saya daga cikin dubun nan da ke zuwa. Ta biyun ta fi sauƙin kuɗi, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Sai dai a yankinmu ciniki ba ya ƙarewa a kan shafi. Manomin Ƙafur ba zai sa lambar katinsa a wani fom ya sayi buhun yuriya goma ba. Zai danna alamar WhatsApp, ya yi sallama, ya tambayi farashi, ya yi tayi, wataƙila ya kira don ya ji murya, sannan ya je wajen mai POS ya tura kuɗi. Duk manhajar da ke ƙirga maziyarta idonta ya tsaya a dannawar farko. Abin da ya biyo baya sai littafi da biro: nawa suka yi magana, nawa suka tambayi farashi, nawa aka yi sallama da su, nawa alat ɗinsu ya shigo. Wanda ya tsaya ƙirga saƙonni kawai zai yi ta murna da "Nawa ne?" ɗari waɗanda ba su haifar da ko kwabo ba.

Gwajin A da B: a gona aka haife shi

Hanyar da ake bi a gane gyaran da ke aiki ita ce a yi shafi iri biyu, A da B, masu bambanci a abu guda, a raba maziyarta gida biyu ba tare da zaɓe ba, sannan a ga wanne ya fi kawo masu saye.

Manoman wannan yanki sun riga injiniyoyin kwamfuta sanin dabarar. Masanin lissafi Ronald Fisher ne ya tsara ƙa'idojinta bayan ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, inda ya nuna cewa in ana son sanin takin da ya fi, sai an yanka fili ƙanana an raba musu takin ta hanyar ƙuri'a, don kada wani ya ci albarkacin ƙasa mai kyau. Da Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa ya fara a 1975, ɗaya daga cikin ukun farko da Bankin Duniya ya tallafa wa tare da na Gusau da Gombe, malaman gona sun yi ta kafa gonakin gwaji a ƙauyuka: sabon iri a wannan ɓangaren, na gado a wancan. Irin masarar SAMMAZ da na audugar SAMCOT da cibiyar IAR ta Samaru ke fitarwa, sai sun bi ta irin wannan tantancewa kafin su iso hannun manomi.

Misalin da ya shahara a intanet shi ne na yaƙin neman zaɓen Barack Obama na 2008 a Amurka. Sun gwada maɓalli huɗu da hotuna da bidiyo shida a shafin rajistar magoya baya. Ma'aikatan kamfen sun fi son bidiyo, amma hoton Obama da iyalinsa ne ya yi nasara, kason masu rajista ya tashi daga 8.26 zuwa 11.6 cikin 100. Ronny Kohavi, wanda ya jagoranci irin waɗannan gwaje-gwaje a Microsoft, ya bayyana cewa kusan ɗaya cikin uku ne kawai na dabarun da suka gwada ya kawo ci gaba. In haka abin yake ga kamfanin da ke cike da ƙwararru, mai shago bai kamata ya amince da "ni dai a ganina" ba, ko da nasa ganin ne.

Tarkon damina

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Mai sayar da iri ya canza hoton shafinsa a ƙarshen Afrilu, a watan Yuni ciniki ya ninka, sai ya ce hoton ne. Ba hoton ba ne, ruwa ne ya sauka. Iri da maganin ciyawa suna tafiya da farkon damina, taki ya biyo baya, buhunan zuba hatsi da maganin ƙwari na ajiya kuma sai kaka. Kwatanta watan jiya da na yau ba gwaji ba ne. Dole A da B su gudana a lokaci guda, kuma a bar su su cika mako ɗaya ko biyu cur, domin ranar kasuwa da Juma'a da ranar da albashi ya shigo kowacce da halinta.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai shago. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori. Alƙaluman lokaci irin wannan, ko na makon da sabis ya yi ta ɗaukewa, a ware su gefe.

Mutum nawa ne suka isa gwaji?

Sun fi yadda ake zato. In kason masu sayenka 3 ne cikin 100, kana son tabbatar da cewa wani gyara ya kai shi 4, kana buƙatar maziyarta sama da 5,000 a kowane ɓangare. In gyaran babba ne da zai kai shi 6, kimanin 800 a kowane ɓangare sun wadatar. Google ya taɓa gwada launin shuɗi iri 41 don zaɓen wanda aka fi dannawa, amma Google miliyoyi ke shiga masa kullum. Shagon da mutum 600 ke leƙawa a wata, in ya tsaya gwajin launi, har a girbe auduga bai samu amsa ba.

Haka nan in A ya kawo masu saye 7, B ya kawo 9, ba a gano komai ba tukuna. A ƙayyade ranar rufe gwaji tun kafin a fara, kada a tsayar da shi ranar da wanda ake so ya shiga gaba.

To me ya cancanci a gwada?

Manyan abubuwa, kuma na farkonsu farashi. Al'adar "shigo inbos" ta yi kaka-gida, kuma masu yinta suna da hujja: farashin taki da masara ba ya kwana wuri guda, maƙwabci na iya gani ya karya, sannan Bahaushe yana son ya yi tayi. Amma ɓoye farashi yana cika waya da masu tambaya don jin kunne, yana kuma korar mai gaggawa da ke kwatanta shago uku. Ni na fi karkata ga a rubuta farashi tare da kwanan wata, a ƙara da cewa na sari daban ne. Saƙonni za su iya raguwa, shi ya sa alat za a ƙirga. Ko ma dai yaya, wannan gwaji ne da ƙaramin shago zai iya ganin sakamakonsa.

Na biyu harshe. Shafuka da yawa da Turanci ake gina su domin da shi mai ginin ya saba, alhali mai sayen da Hausa yake tunani. A gwada Hausa, a kuma gwada gajeren saƙon murya ko bidiyo don wanda karatun boko bai zauna masa ba.

Na uku nauyin shafi. Binciken Google na 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta waya suna ficewa in shafi ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Bayan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025, babu mai haƙurin jiran manyan hotuna. Ka buɗe shafinka da ƙaramar waya a wani ƙauye na Faskari ko Ɗanja, ba a ofis ba.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, amana. Wanda ya taɓa shuka jabun iri ya rasa damina guda, ko ya tura kuɗi aka toshe lambarsa, ba kalmar "inganci" ce za ta rarrashe shi ba. Abin da zai duba shi ne hoton shagon da layin da yake, lambar NAFDAC a jikin magani, shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa a jikin leda, da sunan asusun Moniepoint ko OPay da ya yi daidai da sunan shagon. A faɗa masa tashar da za a yi lodi da wanda zai biya kuɗin mota. A gwada karɓar rabin kuɗi, ciko sai kaya sun sauka.

Kayan aiki

Google Optimize, da ake gwaji da shi kyauta, an rufe shi a Satumbar 2023. Amma tsarin talla na Meta yana da gwajin A da B a cikinsa, Google Analytics yana ƙirga maziyarta, Microsoft Clarity kuma yana nuna inda mutane ke dannawa da inda suke juyawa. Dabara mai sauƙi ita ce kowace talla a sa mata saƙon WhatsApp na farko daban, don a san ta inda mutum ya biyo. Lambobin da aka tara kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kansu. Ba a sayar da su, ba a saka masu lambobin a guruf ba da yardarsu ba.

Inda kaso ke yaudara

Duk wanda ya karya farashi zai ga kasonsa ya tashi, riba kuwa ta zube. Sannan masu saye ba ɗaya suke ba. Manomin da ke neman ledar iri biyu daban, mai kamfanin abincin kaji na Ibadan da ke neman tirelar masara tan 30 daban. Irin na biyun ko ɗaya cikin 500 ya saya, ya fi ɗari na farkon kawo kuɗi, kuma tambayoyinsa wasu ne: yawan danshin hatsin, nauyin buhu, rajistar CAC, kwana nawa mota za ta yi a hanya. Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka ƙaddamar a 2024 tana iya jawo masu neman waken suya da riɗi don fitarwa waje, su ma da nasu sharuɗɗan. Dillalin da ke hulɗa da ɓangarorin biyu gara ya buɗe wa kowanne shafinsa, na manomi da Hausa da farashin leda, na kamfani da Turanci da farashin tan, kowanne da littafin lissafinsa.