Mai Kunne Ɗaya a Cikin Kara: Yana Ji, Amma Bai San Daga Ina Ba

'Yan'uwa fatake da dillalai, a kowace kara muka sauka, ko Maraɗi ce, ko Maigatari, ko Ngawundare, ba a rasa mutumin da za a kira ta dama ya waiga hagu. Wani a yi masa tayi sau uku bai tanka ba, har a ce girman kai ne. To, sau da yawa kunnensa ɗaya ne ya mutu. Muna son mu bayyana abin da ke faruwa a cikin kansa, domin lamarin ya shafi cinikinmu, ya kuma shafi rayukanmu.

Kunne dai mai kai saƙo ne, ƙwaƙwalwa ce mai fassarawa. Ƙara tana girgiza dodon kunne, ta wuce ga wani ɗan abu mai siffar katantanwa can ciki, daga nan jijiya ta kai ta gindin ƙwaƙwalwa, saitin ƙeya. A nan ne saƙon dama da na hagu suke fara haɗuwa, a gwada su da juna.

Abu biyu ake gwadawa. Na farko lokaci. Ƙara tana cin kimanin mita 340 a sakan ɗaya. In bijimi ya yi kuka ta damanka, kukan zai riga isa kunnen dama, da tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na sakan ba, amma ƙwaƙwalwa tana gane ta. Na biyu ƙarfi. Kan mutum yana tare ƙara kamar yadda katanga ke tare rana, sai ta isa kunnen nesa da rauni. Tun 1907 wani masani na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana wannan.

To, in kunne ɗaya ya mutu, babu abin da za a gwada. Mutum zai ji an yi ihu "kauce!", ya ji ƙarar tirela tana ja da baya, amma bai san ta ina abin yake tahowa ba. Wanda ya taɓa tsayawa wurin lodi ya san abin da sakan biyu ke nufi in sa ya ƙwace.

Na biyu kuma, kai ba ya tare kowace ƙara daidai. Mai kauri, irin ta inji ko kukan shanu, tana zagaye kai ta shiga kunne mai lafiya. Siririya kuwa, irin ta haruffan "s" da "t" da "sh", ita ce ke maƙalewa. Shi ya sa in ka tsaya ta ɓangaren mataccen kunne ka ce "sittin", yana iya jin "tis'in". Ga rigimar jaka talatin ta tashi, ba wanda ya yi ƙarya.

Na uku shi ne hayaniya. Da kunne biyu ne ƙwaƙwalwa take tsamo muryar abokin ciniki daga cikin surutun kasuwa. Mai kunne ɗaya komai a cakuɗe yake zuwar masa, sai ya yi ta cike giɓi da zato. Don haka ne yakan dawo masauki a gajiye, ko da bai kori ko maraƙi ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta zama haka nan. A hankali ɓangarorinta biyu sukan karkata ga kunnen da ya rage, mutum ya koyi juya kai da kallon bakin mai magana. Wannan yana taimakawa, amma ba ya kai kunne biyu.

Me ke kawo shi? Akwai hangum, akwai sanƙarau, irin annobar 1996 da ta bar mutane da yawa da kurumta, akwai buguwa a kai, da kunne mai zubar da mugunya da aka ƙyale. Akwai kuma wanda zai wayi gari kawai kunne ɗaya ya ɗauke, wani lokaci da shuuu a ciki ko jiri. Wannan na gaggawa ne. A nemi likitan kunne cikin kwanakin farko, ko ana kan hanya, domin bayan mako biyu maganin ba ya cika yin tasiri. Kada a ɗiga mai, kada a sa tsinke.

Akwai na'urar da ke ɗauko magana daga mataccen ɓangare ta kai wa kunne mai lafiya, sai dai ba ta nuna inda ƙara ta fito. Abin da ke hannunmu ya fi sauƙi. A tsaya ta kunnensa mai ji, a fuskance shi, a maimaita farashi ko a rubuta kafin a sallama. Kada a sa shi bayan mota lokacin lodi, kuma a taɓa kafaɗarsa maimakon ihu daga nesa. Shi kuma ya faɗa wa abokan tafiya ba kunya, ya tsare kunnen da ya rage daga ƙarar bindiga da lasifika, don ba shi da na uku. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu lafiya.