Idan Ƙudan Zuma Suka Sauka a Gidanka

Abin yakan faru ne da hantsi ko wajen azahar. Sai a ji wata irin ƙara a sama, a ɗaga kai a ga tsakar gida ta yi duhu da ƙudan zuma suna ta shawagi. Kafin minti goma ko ashirin sun tattaru a reshen mangwaro ko darbejiya, ko a ƙarƙashin indararo, sun dunƙule sun yi curi guda, wannan na riƙe da ƙafar wancan, suna reto. Mata su kwashe yara su shige ɗaki, samari kuma su fara shawara: wani ya ce a kawo fetur, wani ya ce fiya-fiya ta fi. Yawancin harbin da ake sha a irin wannan rana daga wannan shawarar yake fitowa.

Waɗannan baƙi ba faɗa ya kawo su ba, matafiya ne suka yada zango. Gidan da suka baro ya cika ya batse. Idan itatuwa suka yi fure, kamar yadda gawo da mangwaro da kaɗanya da ɗorawa ke yi a jere tun daga kaka har cikin rani, abinci yakan wadata, sarauniya ta dage da ƙwai. A lokacin yalwa takan saka fiye da 1,000 a yini guda, kuma kowane ƙwai kimanin mako uku yake yi ya zama ma'aikaciya. Ba a jimawa wuri ya yi kaɗan, ƙamshin da sarauniya ke fitarwa, wanda shi ke riƙe da kan gidan, ya daina isa ga kowa. Daga nan sai ma'aikata su gina wasu ɗakuna na musamman su fara renon sababbin sarauniyoyi, waɗanda su kimanin mako biyu kacal suke yi su ƙyanƙyashe. Rabon gandu ne dai irin wanda muka sani idan gida ya yi yawa, sai dai a nan tsohuwar ce ke tattara rabin jama'a ta fita, ta bar wa ’yarta gida da rumbu. Kafin ranar tafiya ma'aikata kan rage mata abinci don ta rame ta iya tashi, su kuma kowace ta cika cikinta da zuma, guzurin ’yan kwanaki.

A nan sirrin yake. Ƙudan zuma yana harbi ne don kare ’ya’ya da abincin da ya tara. Curin da ke rataye a reshe ba shi da saƙa, ba shi da ’ya’ya, ba shi da zumar da zai tsare sai wadda ke cikinsa. Shi ya sa a duk rayuwarsu babu lokacin da suka fi sanyin hali kamar wannan. Amma kada a ɗauki maganar ta wuce gona da iri. Bidiyoyin da ake gani a intanet, inda Bature ke kwasar ƙudan zuma da hannu ba safa, na irin Turai ne. Namu na Afirka ta Yamma sun fi zafi nesa ba kusa ba, kuma curin da ya kwana uku ko huɗu a waje, guzuri ya ƙare, rana ta gasa shi, ba ya ɗaukar wasa. Duniya ta san halin ƙudan zuman Afirka tun 1957, lokacin da gungu 26 na wani irin da masanin nan Warwick Kerr ya kai Barazil daga kudanci da gabashin Afirka suka kuɓuce. Zuriyarsu ta yi ta rabuwa tana bazuwa har ta isa jihar Texas ta Amurka a 1990. Yawan rabuwar nan da saurin fushi, halayen da suka raya su ne a dajinmu mai fari da gobara da dage.

Me suke jira a reshen? Wannan tambaya ce Martin Lindauer, wani Bajamushe almajirin Karl von Frisch, ya bi diddiginta a farkon shekarun 1950. Malamin nasa shi ne ya gano cewa ƙudan zuma na nuna wa junansu inda abinci yake ta hanyar wata rawa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1973. Lindauer ya lura cewa a bayan curin ma ana wannan rawar, kuma masu rawar sukan dawo da ƙura ko toka a jikinsu, ba garin fure ba. Ashe gida suke nema. Ya riƙa karanta rawar yana bin gungun da gudu a titunan birnin Munich, yana tarar da su a inda rawar ta nuna. Daga baya Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya ƙarasa aikin. A cikin gungu mai ƙudaje 10,000, ’yan ɗaruruwa ne kawai ke fita leƙen wuri. Kowace ta sami kogo sai ta shiga ta zagaya cikinsa, ta dawo ta yi rawa. Gwargwadon kyan wurin, gwargwadon tsawon rawarta. Wasu su je su gani da idonsu, su dawo su ƙara. A hankali rawar wuraren da ba su kai ba ta mutu. Da zarar masu leƙen sun yi yawa a wuri guda, sai a zaburar da curin, kowa ya ɗumama jikinsa, cikin minti ɗaya reshe ya zama wayam. Sarauniya ba ta da ta cewa a wannan shawara, bin ta kawai take yi. A binciken Seeley irin Turai sun fi son kogo mai cin kamar lita 40, mai ƙaramar ƙofa, kuma sama da ƙasa sosai.

Mai gida ya sake karanta wannan siffar, sannan ya ɗaga kai ya dubi silin ɗinsa. Tsakanin kwano da sili, cikin ramin bulo da ba a toshe ba, tsohon tankin ruwa, akwatin lasifikar masallaci, duk kogo ne a idon ƙudan zuma. Saboda haka abin tsoro ba curin da ke reshe ba ne, inda zai koma ne. Yakan tashi da kansa cikin ’yan sa'o'i, ko kwana ɗaya zuwa uku, kuma wannan ɗan tsakanin shi ne damarka.

Abu na farko, a janye yara, a kuma kwance dabbobi. Mutane kan manta da wannan na biyun. Akuya ko tunkiya ko jakin da ke ɗaure a turke ba shi da hanyar gudu, kaji a akurki ma haka, kuma su ne aka fi yin asara idan abu ya ɓaci. Kada a tayar da janareta ko injin niƙa kusa da su, domin jijjiga tana harzuƙa su. Kada a bar yara su yi jifa. Sannan a zagaya gida a duba: idan ka ga ƙudan zuma biyar ko goma suna shiga suna fita wata kafa a jikin sili ko bango, ba sa ɗauke da komai, suna ta shawagi a bakinta, ’yan leƙe ne. Toshe ta nan take, ko da tsumma ne. Gobe kana iya makara.

Sai a nemi mai amya. Kusan babu yankin da za a rasa mai wannan sana'a, kuma masu sayar da zuma a kasuwa sun san su. Abin da zai fara tambaya shi ne, “Alhaji, yaushe suka sauka? A reshe suke ko sun shiga rami?” Idan a reshe suke, da murnarsa zai zo, domin gida guda ne ya samu ba da ko sisi ba. Ni a ganina ƙone irin wannan curin wauta ce biyu: ga haɗarin gobara da harbi, ga asarar dukiya. Fiya-fiya kuwa na wajen kawai take kashewa, sauran su tarwatse a fusace su auka wa maƙwabta. Ga kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas, wanda ya sa ƙudan zuma cikin halittu huɗu da aka hana kashewa, ban da surar da ke ɗauke da sunansu a cikin Alƙur'ani.

Kamun kansa ba shi da wuya ga wanda ya iya, kuma ya rufe fuska da wuya da idon sawu. Ana shimfiɗa buhu ko zane a ƙasa, a tara akwati ko kwando daidai ƙarƙashin curin, a kama reshen a girgiza shi sau ɗaya da ƙarfi. Girgiza kaɗan-kaɗan ita ke jawo harbi. Curin zai faɗo da nauyinsa, jif, sai a rufe a bar ’yar kafa. Idan reshen siriri ne a yanke shi a hankali a sa a ciki, ya fi sauƙi. Sannan a tsaya a kalli bakin akwatin. In sarauniya na ciki, za ka ga wasu sun jeru a ƙofa, sun sunkuyar da kai sun ɗaga gindi sama, suna kaɗa fiffike ba tare da sun tashi ba. Ƙamshi suke hurawa na kiran ’yan’uwa, sai ka ga na ƙasa sun juyo suna tafiya a ƙafa suna shiga. In kuwa suka fara fitowa suna komawa reshe, tana can, a sake. Ba a ɗauke akwatin sai bayan magariba, lokacin da ’yan leƙe suka dawo.

Ƙamshin kiran nan yana kama da na ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake sawa a shayi, don haka masu kiwon zamani ke goga ta a cikin akwatin tarko tare da kakin zuma. Masu amyar gargajiya sun daɗe da irin wannan dabara. Su saƙa amya da ciyawa, su yaɓe ta da kashin shanu, su turara ta da haɗin da kowa ke ɓoye sirrinsa, su ɗora a kan ɗorawa ko tsamiya su jira. Kiwon gargajiya ɗungurungum a kan kama masu ƙaura ya dogara.

Kamawa daban, zama daban. Ƙudan zumanmu ba sa jin nauyin barin gida. Ka zuba su yau, jibi ka tarar da akwati fayau. Abin da ya fi riƙe su shi ne a ɗauko saƙa guda mai ƙwai da ƙananan tsutsa daga wani gidan a sa musu, domin da wuya su tafi su bar ’ya’ya. A ajiye su a inuwa, a sa ruwa kusa da tsakuwa ko kara a ciki don kada su nutse, a shafa baƙin mai a ƙafar teburin ko wayar da aka rataye akwatin saboda tururuwa da kwarkwasa, sannan a ƙyale su mako guda ko biyu ba buɗe-buɗe.

Yana da kyau mai kiwo ya bambance rabuwa da gudu. A rabuwa rabi ne ke tafiya, a bar ’ya’ya da zuma da sarauniya mai jiran gado, kuma alama ce ta gida mai ƙarfi. A gudu kowa ke tashi, kuma kusan kullum akwai dalili: yunwa, ƙishirwa, zafin rana, tururuwa, tsutsar da ke cin saƙa, ko mai ɗiban da ya zo da dare da wuta ya kwashe komai har ’ya’ya. An ce zuma sai da wuta, amma hayaƙi mai sanyi ake nufi da aikin, ba harshen wuta ba.

Ga wanda ke neman zuma, rabuwa asara ce, domin ma'aikatan da za su tara masa ne suka tafi ana tsakiyar fure. Wani lokaci ma bayan tsohuwar ta fita, sababbin kan yi ta fita da ƙananan gungu har gidan ya rame. Maganin shi ne a ba su fili tun kafin su matsu, a cire zumar da ta nuna, a kuma riƙa duba gefen saƙa. Ɗakin sarauniya ba ya ɓuya: dogo ne kamar gaɓar yatsa, yana rataye, bakinsa na kallon ƙasa. Idan ka gan shi da tsutsa a ciki, sun riga sun yanke shawara, kuma galibi da an liƙe bakinsa suke tashi. Fasa shi jinkiri kawai yake kawowa, za su sake ginawa. Abin da ya fi shi ne ka raba su da kanka: ka kwashe tsohuwar sarauniya da wasu saƙa da ma'aikata zuwa sabon akwati, ka bar ɗakin sarauniya ɗaya ko biyu a tsohon. Wannan ba ya yiwuwa a amyar ciyawa, tunda saƙar manne take da jikinta. Sai a akwati mai firam irin wanda Langstroth ya yi wa rajista a Amurka a 1852, ko akwatin sanduna na Kenya da ya bazu tun shekarun 1970, wanda kafinta na gari zai iya haɗawa muddin ya kiyaye faɗin kowace sanda, kimanin milimita 32 ga ƙudan zuman Afirka.

In an yi rashin sa'a ƙudan zuma suka taso, gudu ne magani, a miƙe, a rufe fuska, a shige ɗaki ko mota a rufe. Kada a tsaya kaɗe-kaɗe da hannu, kada a faɗa ruwa, domin za su jira ka ɗago. Wadda ta yi harbi takan bar ƙarinta a fata yana ci gaba da tura dafi, yana kuma fitar da wani wari mai kama da na ayaba da ke kiran sauran. A kankare shi da farce nan da nan, a wanke wurin. Kumburi da zafi a inda aka harba ba abin tashin hankali ba ne. Amma wanda leɓɓansa ko harshensa suka kumbura, ko numfashinsa ya sarƙe, ko jiri ya kwashe shi, ko da harbi ɗaya ne, a garzaya da shi asibiti, allurar adirenalin yake buƙata cikin mintuna. Haka ma yaro ko tsoho da ya sha harbi da yawa.

Waɗanda suka riga suka shiga sili suka yi saƙa kuwa, wannan aikin gwani ne, kuma da dare ake yinsa bayan an sanar da maƙwabta. Fesa magani a toshe ƙofa ba ya raba ka da su: saƙar za ta narke da zafin kwano, zuma mai guba ta tsiyayo ta bango, tururuwa da ɓeraye su biyo. Dole a buɗe wurin, a yanke saƙar duka, a kankare kakin, a wanke, sannan a toshe kowace kafa da siminti ko raga. Idan aka bar warin kaki, gungu na gaba da ya ratso unguwar nan zai fara dubawa.