Riƙon hutu a Malanville: wa ya ce doka ta hana?

Da zarar an rufe makarantu don dogon hutu, wata magana kan fara yawo a tashoshi da gidajen biki na Malanville: wai gwamnatin Benin ta hana riƙo, duk wanda aka gani da yaron da ba nasa ba za a kama shi a shingen 'yan sanda. Daga nan sai jama'a su rabu biyu. Masu tsoro su fasa ɗauko marayan da suka yi niyyar ya zo ya yi hutu a gidansu. Masu taurin kai kuma su koya wa yaro ƙarya: "In an tambaye ka, ka ce ni ne babanka."

Doka ba ta hana riƙo ba. Wadda ake magana a kanta, mai lamba 2006-04, ta shekarar 2006 ce, kuma domin yaƙar fataucin yara aka yi ta. Wanda ya tuna da jirgin ruwan Etireno, da ya tashi daga Kwatano a 2001 ya nufi Gabon aka koro shi da yara a ciki, ya san inda abin ya samo asali. Kunyar da ƙasar ta sha a idon duniya, da kuma yadda al'adar vidomègon ta kudu, wato ba da yaro riƙo a wani gida, ta rikiɗe ta zama bautar 'yan mata ƙanana a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, su suka sa aka tsaurara. Abin da dokar ta nema shi ne: in za a raba yaro da iyayensa ko mai kula da shi a kai shi wani gari, a karɓi izini a rubuce daga hukumar inda yake zaune, wanda ya karɓe shi kuma ya sanar da hukumar inda ya sauka cikin kwana uku. Fita da shi ƙasar waje na da nasa izinin daban. Kundin dokokin yara na Disambar 2015 ya zo ya ƙara wa wannan ƙarfi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda mutanen kirki ke ɗaukar takardar nan a matsayin cin fuska. "Ɗiyar ƙanwata ce fa, sai na nemi izinin magajin gari?" Haka za ka ji Hajiya na faɗa, ranta a ɓace. To, Hajiya, ki leƙa tasha ki ga buhunan albasa da ake lodawa zuwa Parakou. Kowane buhu da alamar mai shi a jiki, direba ya san wanda ya ba shi, ya san wanda zai sauke, an rubuta adadi, in ɗaya ya ɓace akwai mai biya. A motar nan kuwa za ki ga yarinya 'yar shekara tara an cusa ta a tsakanin kaya, riga biyu a leda, an ba direba lambar waya a guntun kwali an ce "goggonta za ta tare ta". In goggon ba ta zo ba fa? In wanda ya zo ba goggon ba ce fa? Babu wanda ya yi zargin Hajiya da mugunta. Matsalar ita ce mai mugun nufi ma "ɗiyar ƙanwata" yake cewa, kuma ɗan sandan da ke kan hanyar Kandi ba shi da wata hanyar bambance su sai takarda.

A Malanville abin ya fi nauyi, domin gari ne da dangi ke zaune a gaɓa biyu na kogi. Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani, kusan kowa na da ɗan'uwa a Gaya ta Nijar, wasu har Kamba ta Najeriya. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, zirga-zirga ta koma kwale-kwale, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Yaron da ya haye ruwa zuwa gidan kawunsa, a wurin iyayensa ya je unguwa ne kawai. A wurin doka ya bar wata ƙasa ya shiga wata, ba tare da sunansa ya shiga ko wane littafi ba.

Akwai kuma gaskiyar da ba a son faɗa. Ba kowane hutu ne hutu ba. Kasuwar Malanville ita ce ta biyu a girma a ƙasar bayan Dantokpa, kuma lokacin hutu ne take cika da ƙananan hannaye: mai tallan ruwan leda, mai wanke kwanuka a wurin mai tuwo, mai dako da ba ta kai tsayin buhun da take ja ba. Da yawansu "sun zo hutu" ne. 'Ya'yan gida suna darasin hutu, baƙuwa na bakin murhu tun asuba. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aiki, amma ba sai an buɗe kundi ba. Tambayoyi biyu sun isa: kwano ɗaya take ci da 'ya'yan gida? In Satumba ta zo, tana komawa aji? Yawancin yaran da karatunsu ke yankewa ba rana guda ake cire su ba. Uwar riƙo ce ke bugo waya ta ce, "Yaya, ki bar min ita zuwa bayan Sallah," daga nan sai bayan girbin shinkafa, sai a ji an fara zancen aure.

Wanda ke son ladan riƙon maraya kuwa ƙofa a buɗe take. Ofishin jin daɗin jama'a na gunduma shi ne wurin farawa. Benin na da tsarin iyalai masu masauki, waɗanda ake tantancewa a horar, sannan a ba su yaron da ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi na ɗan lokaci kafin a gano danginsa. Wanda gidansa ba zai ɗauka ba yana iya ɗaukar nauyin kayan makaranta, ko ya bi sawun takardar haihuwar yaro, wadda rashinta kan hana shi zama jarrabawar kammala firamare. Hukuncin addini ma sananne ne: a riƙe yaro, a bar masa sunan mahaifinsa, a kiyaye masa dukiyarsa. Wanda ya ga ana cutar da yaro kuma, akwai layin waya na 138.

Hukuma ma ba ta fita ba. An rubuta doka da Faransanci a Kwatano, sama da kilomita 700 daga nan, an bar mai unguwa da direban tasha su yi ta hasashen abin da ke ciki. Mutumin ƙauye da zai kashe kuɗin kabu-kabu ya zo ofis a ce masa ya dawo gobe, ba zai dawo ba, zai bi ta bayan shinge ne. Kafin a rufe makarantu ya kamata a ji bayanin nan a rediyo da Dendanci da Hausa da Fulatanci, a faɗi ofishin da ake zuwa, da abin da ake riƙewa a hannu, da ko nawa ake biya.