Harshe Biyu A Bakin Yaro Ko A Hannunsa: Ina Gaskiyar Take?

A gidaje da yawa a Yola, uwa tana yi wa ɗanta Fillanci, abokan wasa suna yi masa Hausa. Sai ka ji gwaggo ta ce, "Ku bar shi da guda, kada ku rikita shi." Kurman yaro ma an yi masa tasa: wai in ya saba da maganar hannu, ba zai taɓa buɗe baki ba.

Batun rikicewa ba shi da tushe. A 2001, Laura-Ann Petitto da abokan aikinta a Montreal ta Kanada sun bi diddigin yaran da ke tasowa da Faransanci da Ingilishi, da masu tasowa da Faransanci da maganar hannu. Dukkansu sun fara kalmar farko da haɗa kalmomi biyu a lokacin da sauran yara ke farawa.

Gaurayawa kam gaskiya ce. Yaro zai ce, "Inna, ba ni ndiyam," domin kalmar ruwa ta Fillanci ce ta fi kusa da bakinsa, kuma haka yake jin manya suna yi. Kalmominsa a kowane harshe suna iya gaza na mai harshe ɗaya, amma in aka haɗa biyun, yawanci ba a bar shi a baya ba.

Maganar hannu kuwa cikakken harshe ce mai nahawunta. Wani bincike na 1991 ya nuna jariran kurame da iyayensu ke maganar hannu suna gwaranci da yatsu, suna maimaita motsi ɗaya kamar yadda mai ji ke cewa "ba-ba-ba". Kuma maganar hannu ba iri ɗaya ba ce a duniya. Kuramen Kano suna da tasu, wadda Constanze Schmaling ta rubuta littafi a kanta a 2000, daban da ta makarantu mai asali daga Amurka, wadda Andrew Foster ya yaɗa a Afirka ta Yamma.

Tsoron maganar hannu tsoho ne. Taron malaman kurame da aka yi a Milan a 1880 ya kore ta daga azuzuwa, aka cutar da yara shekaru da dama. Amma maganar hannu ba ta hana koyon magana ko karatu. Abin da ke cutarwa shi ne yaro ya shafe shekarunsa na farko babu harshe ko ɗaya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kuramen yara iyayensu masu ji ne. Shi ya sa ake shawartar iyaye su fara koyon maganar hannu da zarar an gano, tun yaro yana goye.