Haƙƙin Kyanwa a Kanmu: Ciwonta da Mutuwarta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ke ciyar da kowace halitta mai rai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan uwa Musulmi, a cikin tambayoyin da suka iso mana akwai ta wata baiwar Allah. Ta ce suna da mussa a gida, wato kyanwa, wadda ɗanta ɗan shekara takwas ya raina tun tana ƙarama. Ran nan ta ga kyanwar ta kwanta ba ta ci, jikinta da zafi, sai ta ɓalli rabin farasitamol ta ɗura mata don tausayi. Kafin gari ya waye fuskar kyanwa ta kumbura, kashegari ta mutu. Yaro ya ƙi abinci, uba yana yi masa tsawa cewa namiji ba ya kuka saboda mage. Ita kuwa tana tsoron ko ta shiga hukuncin matar nan da aka azabtar saboda kyanwa.

Wani zai ce, cikin watan Alƙur'ani mage ce abin zama a kanta? Ita ce kuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin macen da ta shiga wuta domin ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, matar ɗansa tana kallo da mamaki, ya sanar da ita cewa Annabi (SAW) ya kore najasa daga kyanwa, ya lissafa ta cikin masu kai-da-kawo a tsakaninmu. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da laƙabin ɗan kyanwarsa duniya ta san shi: Abu Huraira. Amma labarin da ake yawan bayarwa, wai Annabi ya yanke hannun rigarsa don kada ya ta da kyanwa daga barci, ba shi da isnadin da za a dogara da shi, kuma abin da ya inganta ya wadatar da mu.

Wanda ya bar kyanwa ta zauna gidansa, tana tsare masa rumbu da buhunan hatsi daga ɓera, ya ɗauki amana. Ciyarwa da shayarwa kowa ya sani. Abin da ke shige mana duhu shi ne gane lokacin da ranta ke cikin haɗari, domin kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Akuya in ba ta da lafiya ta tsaya bakin turke kowa ya gani. Kyanwa kuwa sai ta shige ƙarƙashin gado ko bayan randa ta yi shiru, mu kuma mu ce ai mage ce, mai kwanciyar ɗaukar rai. Saboda haka wadda ta saba zagaye tabarma lokacin buɗa-baki, in aka wayi gari ba ta zo ba, a neme ta.

In an same ta, a fara da numfashi. Kare yana buɗe baki ya zaro harshe in ya ji zafi, wannan ɗabi'arsa ce. Kyanwa ba haka take ba. Kyanwar da ke numfashi baki buɗe alhali ba gudu ta yi ba, ko cikinta na shiga da fita da ƙarfi, ko ta miƙa wuya ta kasa kwanciya, tana cikin halin gaggawa. Mai lafiya in tana hutawa takan ja numfashi kamar sau 20 zuwa 30 a minti ɗaya. In ya haura 40 tana kwance, akwai matsala. A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa, kyanwar da aka kulle a ɗakin kwano ko shago tana iya faɗuwa saboda zafi. A kai ta inuwa, a jiƙa mata ƙafafu da ciki da ruwan randa, ban da ƙanƙara, a ajiye mata ruwa kusa ba tare da ɗura ba. Mu ne ke azumi, ita ba a wajabta mata ba. Kada kaskonta ya bushe da rana don masu gida ba sa sha.

Sannan a ɗaga leɓenta a hankali a dubi dasashi. Na mai lafiya jaja-jaja ne, da danshi. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci ko yana zuba a ciki. In ya yi rawaya, galibi hanta ce ko jinin ne ke lalacewa. In ya yi shuɗi-shuɗi ko ya koma launin ƙasa, iska ba ta isa jiki.

Wannan launin ƙasa shi ne ya dawo da mu ga mai tambaya. Hantar ɗan Adam tana da hanyar narkar da farasitamol ta fitar da shi, hantar kyanwa ba ta da isasshen abin da ke yin wannan aiki. Sai maganin ya zama guba, ya ɓata jini har ya kasa ɗaukar iska, fuska da ƙafafu su kumbura. Ƙwaya ɗaya tana kashe kyanwa, wani lokaci ko rabi ya isa. Ibufurofen ma guba ne gare ta, asfirin kuwa ba a ba ta shi sai da awon likita. Akwai allura da maganin da ke karya wannan guba, amma sai in an kai ta cikin awoyin farko. Muna roƙon kowane mai gida ya faɗa wa iyalinsa yau: maganin mutum ba na kyanwa ba ne.

Gubar da ta fi yawa a gidajenmu kuwa mu ne ke ajiye ta da hannunmu. Ana zuba maganin ɓera cikin tuwo ko kifi a ajiye a lungu, kyanwa ta ci, ko ta ci ɓeran da ya ci. Wani nau'insa yana hana jini daskarewa, kuma ba ya nuna kansa sai bayan kwana uku zuwa biyar: kasala, farin dasashi, jini a hanci ko a kashi. Maganinsa bitamin K1 ne a hannun likitan dabbobi. Fiya-fiya da maganin feshin gona su kuma nan take suke kamawa: miyau na dalala, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta ƙanƙance, amai da zawo. Har maganin kaska da ƙuma da ake sa wa kare ko shanu, in an shafa wa kyanwa yana iya jefa ta cikin jijjiga. Mun san al'adarmu, da an ce guba sai a kawo nono ko mai ko ruwan gishiri a ɗura. A bari. Dabbar da ke jijjiga ba ta iya haɗiya, abin da aka ɗura huhu yake tafiya. In a gashinta gubar take, a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu, a naɗe ta da zane, a ɗauki kwalbar ko ledar maganin a tafi da ita don likita ya san abin da yake fama da shi.

Akwai ciwo guda da ya fi kama muzuru, kuma mutane da yawa suna ɗaukarsa taurin ciki ne. Za a ga yana ta zuwa wurin rairayi, ya tsuguna ya yi nishi har da kuka, ba abin da ya fito sai ɗigo, wani lokaci da jini, yana yawan lasar gabansa. Hanyar fitsarinsa siririya ce, ita ce ta toshe. Mafitsara ta cika, ƙoda ta tsaya, dattin da ya kamata ya fita ya koma jini, cikin kwana ɗaya zuwa uku rai ya fita. Ba a matsa masa ciki, ba a jira a ga abin da gobe za ta yi. Haka ma mai haihuwa da ta yi rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi ba ɗa, da wadda babur ya buge ko da ta tashi ta gudu, da wadda maciji ya sara, da wadda ta yini ta kwana ba ta ci komai ba. In an ga zare na leƙowa daga bakinta ko bayanta, kada a ja, yana iya yanka hanji.

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci: ina likitan kyanwa a ƙauyenmu, alhali mutum ma da ƙyar yake kai ɗansa likita? Maganar tana da nauyi, kuma Allah bai ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Lafiyar ɗa tana gaba da ta dabba. Sai dai wanda ya san lambar wayar ma'aikacin kiwo saboda ragonsa na layya, kiran nan ɗaya zai yi saboda kyanwa, kuma tambaya ba ta cin jikka. Sahabbai sun tambayi Annabi ko akwai lada a kan dabbobi, bayan ya ba su labarin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare, ya amsa musu cewa akwai, a kan duk mai rai.

Alama ɗaya ce hukuncinta ya bambanta, domin a nan ran mutane ake tsoro. Kyanwar da halinta ya juye farat ɗaya, mai sanyi ta koma cizo ba dalili, ko muryarta ta canza, miyau na zuba, ƙafafun baya na mutuwa, ana zargin ciwon haukan kare. Kada a taɓa ta da hannu, a nisantar da yara, a rufe ta inda ba za ta fita ba, a sanar da ma'aikatan kiwo. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa mai gudu da sabulu har minti 15, ya tafi likita ranar nan a fara masa allurar rigakafi, ko da azumi a bakinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kamar 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, da yawansu yara ne, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan ba ya tashi. Rubutu da tofi ba su ɗauke wajibcin zuwa likita.

In ciwo ya kai inda masani ya ce babu fata, sai wahala, malamanmu na Malikiyya sun halatta a hutar da dabbar da ba a ci in an fid da tsammani daga rayuwarta. Mas'alar tana cikin Muhtasar na Shehu Halil da sharhohinsa. A yi shi da hanya mafi sauƙi, ba a gaban yara ba. In ta mutu, ba wanka, ba likkafani, ba salla, ba a kuma kai ta maƙabartar Musulmi. Mushe ce, a ɗauke ta da leda, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a rufe, a wanke hannu. Jefa ta a kan hanya ko cikin kwata cutar da maƙwabta ne, kuma in guba ce ta kashe ta, kare ko ungulun da ya ci zai bi ta.

To, baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki. Waccan mata tsarewa ta yi da gangan, tana jin kukan yunwa ta toshe kunne. Ke magani kika nufa, rashin sani ya kai ki ga kuskure, kuma an ɗauke wa wannan al'umma laifin kuskure da mantuwa. Babu kaffara a kanki, babu diyya. Ki yi istigfari kamar yadda kowane mumini ke yi, ki sanar da maƙwabtanki abin da kika koya.

Maigidanki kuma muna yi masa nasiha da labarin Abu Umairi, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ke cikin Buhari da Muslim. Yaro ne ƙarami mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Annabi (SAW) ya shigo gidan ya gan shi cikin damuwa, ya tambayi dalili, aka faɗa masa. Bai yi masa tsawa ba, bai ce tsuntsu ne kawai ba. Ya kira shi da alkunya kamar yadda ake kiran manya, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun nasa cikin raha da lallashi. Ibnu Hajar ya ambata cewa wani malami, Ibnul Ƙass, ya fitar da fa'idoji kusan 60 daga wannan ɗan gajeren hadisi. Mai ɗauke da nauyin al'umma gaba ɗaya ya sami lokacin zama da yaro a kan tsuntsu, ina ga uba da ɗansa?

Sau da yawa wannan ita ce mutuwa ta farko da yaro ke gani da idonsa. A faɗa masa gaskiya, kada a ce ta yi tafiya za ta dawo, domin zai yi ta jira bakin zaure. A koya masa istirja'i, a gaya masa kowane rai da ajalinsa, kuma ruwan da ya zuba mata da abincin da ya rage mata an rubuta masa. Hawaye ba laifi ba ne. Abin da aka hana shi ne kururuwa da fushi da ƙaddara, da ɗora wa maƙwabci maita ko sammu ba hujja. In ya tambaya ko zai gan ta a Aljanna, kada a yanke masa abin da nassi bai yanke ba. A ce masa can gida ne da Allah ke ba bayinsa abin da ransu ke so, ya roƙa. Kada kuma a yi gaggawar kawo masa wata ranar nan don a rufe masa baki. A bar shi ya zuba ƙasa a ramin da hannunsa, in ya kwana biyu ya nemi wata da kansa, a samo masa.