Tsohuwar Kwamfuta da Rangwamen Ɗalibai: Abin da Za a Duba Kafin a Kashe Kuɗi

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10. Wannan ya shafi gidaje da yawa a Guri, Kirikasamma, Birniwa da cikin garin Haɗeja, domin kwamfutar da iyaye kan saya wa ɗalibi da kuɗin shinkafa ko na kifi galibi ta hannu ce, wadda aka yi shekaru ana aiki da ita a wata ƙasa kafin ta iso kasuwar Kano. Ɗalibai kuma suna ji daga abokansu cewa akwai rangwame na musamman, har ma da kyauta, ga mai karatu a babbar makaranta. Maganar gaskiya ce, amma da sauranta. Rangwame yana rage kuɗin lasisi ne kawai, ƙarfen da ke cikin kwamfutar kuwa yana nan yadda yake. Saboda haka, 'yan'uwa, a fara sanin kwamfutar tukuna, sannan a nemi rangwamen.

Mece ce babbar manhaja, kuma me ya sa ake sabunta ta?

Babbar manhaja ita ce wadda ke tashi da zarar an kunna kwamfuta, sauran manhajoji kuma a kanta suke hawa. Windows ce aka fi sani a wurinmu. Kamfanin da ya yi ta yana tura gyara a kai a kai domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa. Idan wa'adinta ya cika, kwamfutar za ta ci gaba da tashi kamar kullum, sai dai duk kafar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna. Mutanen bakin kogin Haɗeja sun san wannan sarai: jingar da aka daina yi wa ciko tana iya tsayawa lafiya duk rani, amma watan Agusta ne zai nuna halinta.

Wa'adin Windows 7 ya ƙare ranar 14 ga Janairu, 2020, na Windows 8.1 kuma ranar 10 ga Janairu, 2023. Wanda yake shiga asusun banki, ko shafin rajistar makaranta, ko imel da irin waɗannan, ya sani cewa ƙofarsa ba ta da sakata.

Mataki na farko: ka san abin da ke hannunka

Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, da sharuɗɗa masu tsauri. Tana bukatar RAM mai gigabait 4 ko fiye, ma'aji mai gigabait 64 ko fiye, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Sharaɗin da ya fi kayar da kwamfutocinmu shi ne na furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. A na Intel, sai tsara ta takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. A na AMD kuma, galibi daga jerin Ryzen 2000 zuwa sama.

Gane tsarar ba wuya. Ka shiga Settings, ka zaɓi System, sannan About, za ka ga sunan furosesar. Idan ka ga i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce 6, wato tsara ta shida, ba ta kai ba. Idan ka ga i5-8250U, tsara ta takwas ce, ta cika sharaɗi. Kada sunan i5 ko i7 ya ruɗe ka, domin i7 ta tsara ta huɗu ta girmi i3 ta tsara ta takwas da shekaru. Alal misali, HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 na tsara ta shida ne, amma EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 an fi samun su da ta takwas. Microsoft yana da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna PC Health Check, wadda za ta faɗa maka kai tsaye ko kwamfutarka ta cancanta.

Bayan wannan dubawa, za ka sami kanka a ɗayan rukuni uku.

Rukuni na ɗaya: ta cancanta, kuma lasisinta na gaske ne

Wannan ba ya bukatar rangwamen kowa. Hawa daga Windows 10 zuwa Windows 11 kyauta ne, ta hanyar Windows Update. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: tun zamanin Windows 8, manyan kamfanoni kan dasa mabuɗin lasisi a cikin allon injin tun daga masana'anta. Ko da wani ya goge ta ya ɗora ta jabu kafin a sayar maka, idan aka sake ɗora ta asali mai irin bugun da ta zo da shi, Home ko Pro, sau da yawa takan gane mabuɗinta da kanta da zarar ta hau intanet. A gwada wannan kafin a biya ko sisi.

Rukuni na biyu: ta cancanta, amma ba ta da lasisi

A nan ne rangwamen ɗalibi yake da amfani. Al'adar ta daɗe. A shekarar 2008 Bill Gates ya sanar da shirin DreamSpark, wanda ya ba ɗalibai manhajojin aiki kyauta. Da Windows 7 ta fito a watan Oktoba na 2009, an sayar wa ɗaliban Amurka a kan kusan dala 30, na Birtaniya kuma fam 30, ƙasa ƙwarai da farashin kanti. Shirin DreamSpark ya canja suna sau biyu, har ya koma Azure Dev Tools for Teaching. Ta hanyarsa, ɗaliban fannin kimiyya, injiniya da kwamfuta a makarantun da suka shiga shirin sun riƙa samun mabuɗin bugun Windows da ake kira Education.

Abin da ke buɗe wannan ƙofa shi ne imel na makaranta, wanda a Nijeriya yakan ƙare da edu.ng. Ɗalibin Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko ta Gashuwa da ke maƙwabtaka da mu a jihar Yobe, ya je sashen kwamfuta na makarantarsa da katin shaidarsa ya yi tambaya uku. Shin ana ba ɗalibai imel na makaranta? Shin makarantar tana da yarjejeniya da Microsoft da ta haɗa da Windows? Idan na gama karatu, lasisin zai ci gaba da aiki ko zai tsaya? Amsar ta danganta da yarjejeniyar kowace makaranta, don haka daga bakinsu za ka ji.

Ko da ba a sami Windows ba, imel ɗin yana da wani amfani. Inda makaranta ta cancanta, ana samun Word, Excel da PowerPoint na kan intanet kyauta. Shirin Azure for Students kuma yana ba ɗalibin da ya kai shekara 18 ƙimar dala 100 ta amfani da injinan kamfanin, ba tare da katin banki ba. Sai dai a tuna cewa asusun na makaranta ne, ana iya rufe shi bayan an yaye ka. Ka kwashe takardunka kafin ka bar makaranta.

Abu biyu ne ya kamata a guje wa. Na farko shi ne aron imel ɗin wani, ko sayen imel na makarantar da ba ka taɓa shiga ba. An yi rangwamen ne bisa amana cewa mai karɓa ɗalibi ne, kuma wanda ya yi ƙarya don ya samu ya ci abin da ba nasa ba, ko da ba mai ganinsa. Na biyu shi ne Windows da aka fasa mata makulli. Manhajar da ake fasawa da ita na iya shigowa da ɓoyayyiyar cuta mai kwasar lambobin sirri, kuma sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfutar kafin ta yi aiki. Araha ba ta ado.

Rukuni na uku: ba ta cancanta ba

Yawancin kwamfutocin da suka zo da Windows 7 ko 8 a nan suke, haka ma da yawa daga masu Windows 10. Mabuɗin ɗalibi ba ya ɗage sharaɗin furosesa. Masu gyara sun san dabarun tilasta Windows 11 ta hau tsohon inji, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin tura gyara ga irin wannan ba.

Mai Windows 10 bugun 22H2 yana da ɗan ƙarin lokaci. Kamfanin ya sanar da shirin tsawaita gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft. Jinkiri ne kawai, domin a sami damar shiri.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce Linux, babbar manhajar da kowa ke da izinin ɗauka kyauta, ɗalibi ne ko manomi. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991. Tana da iri-iri. Ubuntu ta fito a 2004 daga kamfanin wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth. Linux Mint kuwa fuskarta ta yi kama da ta Windows, tana iya tashi da RAM mai gigabait 2 ko da yake 4 ta fi, bugunta na 22 kuma zai ci gaba da samun gyara har 2029. Tana zuwa da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel. Ana iya gwada ta daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Amma ɗalibin da darasinsa ya dogara ga wata manhajar da ba a yi ta don Linux ba, kamar AutoCAD, ya tambayi malaminsa kafin ya sauya.

Idan akwai ɗan kuɗi, a sa shi inda zai yi tasiri: a cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD, a kuma ƙara RAM zuwa gigabait 8 idan injin zai ɗauka. Waɗannan biyun su ne suka fi dawo wa tsohuwar kwamfuta da sauri.

Ranar aikin

Duk hanyar da aka zaɓa, a fara kwafe takardu da hotuna zuwa wurare biyu, filashi ɗaya da kuma imel ko ma'ajin intanet. A buɗe kwafin a wata kwamfutar a tabbatar yana aiki. Kada a yi wannan aiki ana saura mako guda a miƙa kundin bincike, a bari sai hutu.

Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, na Linux Mint kusan 3, kuma ana bukatar filashi mai gigabait 8 wanda ba komai a ciki, domin za a goge shi. Inda sabis yake rawa, ya fi sauƙi a sauke shi a makaranta ko a cikin Haɗeja, daga shafin kamfanin kansa. Fayil ɗaya ya ishi ɗalibai goma, lasisi ne kawai kowa da nasa. A tabbatar da wutar da za ta kai awa biyu zuwa uku ba yankewa, ta sola ko janareto, musamman idan batirin ya mutu, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya hana kwamfutar tashi. A yi shi da sanyin safiya, a busa ƙurar hunturu daga kafofin iska, kada a ɗora ta a kan katifa. Bayan an gama, a ƙara allon rubutu na Hausa daga saitin harsuna, domin a riƙa samun ƙ, ɗ da ɓ.

Iyaye masu shirin saye a bana, ku tafi da wanda ya iya karanta lambar furosesa, ku sa a kunna kwamfutar a gabanku. Idan Windows 11 ake so, kada a karɓi abin da ya gaza tsara ta takwas, komai ƙyallin jikinta. Idan kuɗin bai kai ba, tsohuwa mai lafiya da aka ɗora wa Linux za ta ishi ɗalibi rubutu, bincike da koyon buga jarrabawa a kwamfuta, wadda hukumar JAMB ta koma kanta gaba ɗaya tun 2015.